Kafin a Hau Kilimanjaro: Lissafin Kwanaki, Numfashi da Haƙƙin 'Yan Dako

A watan Disamba na shekarar 2010, Martina Navratilova, gwanar wasan tanis da ta lashe gasar Wimbledon har sau tara, ta kama hanyar ƙololuwar dutsen Kilimanjaro da ke arewacin Tanzaniya domin tara wa wata gidauniyar wasanni kuɗi. Shekarunta 54 a lokacin, kuma jikinta ya fi na samari da yawa ƙarfi. Da ta kai wajen tsayin mita 4,500, sai ruwa ya taru mata a huhu, numfashi ya gagara. 'Yan dako ne suka sauko da ita, aka garzaya da ita asibiti a Nairobi. Ta warke, amma labarinta ya nuna abu biyu da duk mai niyyar wannan tafiya ya kamata ya riƙe: ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tudu, kuma ranar da abu ya ɓaci, ransa na hannun mutanen da ke ɗauke da kayansa.

Kilimanjaro shi ne dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895 a ƙololuwarsa da ake kira Uhuru. Ba a buƙatar igiya ko gwanintar hawan ƙanƙara kafin a kai can. Tafiyar ƙafa ce tun daga tushe har sama, kuma sauƙin nan ne ke yaudarar mutane. Dubban baƙi na zuwa kowace shekara, da yawansu ba su taɓa kwana a tudun da ya wuce mita 2,000 ba. Hukumar gandun dajin da dutsen ke ciki ba ta barin kowa ya hau sai da ja-gaba mai lasisi, don haka kowace tafiya ta kan biyo ta hannun kamfani, galibi daga garin Moshi ko Arusha. Abin da mutum ya ƙulla da kamfanin nan tun yana gida, wato yawan kwanaki da farashi, shi ke yanke kusan duk abin da zai faru a kan dutsen, da lafiyarsa da ta masu yi masa aiki.

A fara da numfashi. Yawan oksijin da ke cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a Kano, haka yake a saman Kilimanjaro. Nauyin iskar ne ke raguwa, ta yadda a ƙololuwa kowace shaƙa ba ta kawo wa jini fiye da kusan rabin abin da take kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tudu ke fara bayyana: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri, kasala, barci ba daɗi. Ƙa'idar da likitocin tudu suka daɗe suna bayarwa ita ce, idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, kuma a riƙa hutawa kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu.

Da wannan ma'auni a hannu, sai a duba hanyoyin. Hanyar Marangu, wadda ke da ɗakunan kwana maimakon tantuna, ana yawan sayar da ita a kan kwana biyar, kuma ita ce mafi araha. Ana kwana a Mandara, mita 2,700, washegari a Horombo, wajen mita 3,700, sannan a Kibo, wajen mita 4,700. Kowane dare ke nan an ƙara mita dubu, ninki biyu na abin da likitoci suka yarda da shi. Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa ke juyowa daga wannan tsari ba su kai ba. Wanda ya nace sai Marangu, to aƙalla ya ƙara kwana guda a Horombo.

Hanyar Machame ta kwana bakwai ta fi tausaya wa jiki, saboda yanayin ƙasarta. Ana shiga ta ƙofar da ke mita 1,800, a ratsa kurmi mai laɓo a kwana a wajen mita 3,000, sannan a hau filin Shira a kwana a wajen mita 3,800. Rana ta uku ita ce mai daraja: ana hawa har gindin wani dogon dutse da ake kira Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can, sai a gangaro kwarin Barranco a kwana a ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana sama, ya kwana a ƙasa, haka ake so. Daga nan a haye bangon Barranco a yada zango a Karanga, tsayi kusan ɗaya da na jiya, kafin a isa Barafu, zangon ƙarshe, wajen mita 4,670. Kamfanonin da ke sayar da Machame a kwana shida daren Karanga suke cirewa, kuma daren nan ya fi kuɗin da aka rage amfani nesa ba kusa ba. Hanyar Lemosho ta kwana takwas da doguwar hanyar da ke zagaya arewacin dutsen ta kwana tara sun fi ba jiki sarari. Rongai, wadda ke tasowa daga wajen iyakar Kenya, ta fi ƙarancin ruwan sama. Umbwe kuwa gajeriya ce mai tsananin gangare, ba ta sabon shiga ba ce. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a kan wannan dutse ita ce ma ke kai mutum. Shi ya sa ja-gabanni ba sa gajiya da faɗin "pole pole", wato a hankali, tun daga rana ta farko lokacin da ƙafa ke son sauri.

Lokacin tafiya kuma: daga Janairu zuwa farkon Maris, ko daga Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, Nuwamba ma akwai ruwa.

Akwai maganar da ta shafi mutanen yankinmu fiye da Bature, kuma ba kasafai takardun tallan kamfanoni ke ambatonta ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa. Mai cikakkiyar sikila, wato SS, wannan tafiya ba tasa ba ce ko kaɗan. Mai AS kuwa, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, ƙarancin oksijin a tudu na iya toshe masa hanyoyin jini a saifa, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ta ɓangaren hagu. Dole ne mutum ya san nau'in jininsa, ya zauna da likita, kafin ya biya ko sisi. Haka mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko ciwon sukari. A wannan zama ne za a yi maganar acetazolamide, ƙwayar da aka fi sani da Diamox, wadda ke taimaka wa jiki saurin sabawa da tudu. Yawanci miligiram 125 ake sha sau biyu a rana, tana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu. Wanda Fansidar ko Septrin suka taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi ya gaya wa likita, domin dangin sinadari ɗaya ne. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda Tanzaniya ke nema daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, da inshorar da aka rubuta ƙarara cewa ta haɗa da hawa har mita 6,000 da kuɗin ceto. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta kai wannan tsayi.

Horon jiki na wata biyu ko uku yana da amfani, musamman doguwar tafiya da jaka a baya da hawa da sauka, ko a matakalar Dala ne, ko duwatsun Shere na Jos. Amma a san iyakarsa. Chappal Waddi da ke Taraba, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne, bai ma kai inda ciwon tudu ke farawa ba. Yana horar da ƙafa, ba ya gaya wa mutum yadda jininsa zai yi a mita 5,000. Mai son gwaji na gaske sai ya nufi Dutsen Kamaru da ke Buea, mai sama da mita 4,000, ko Meru da ke kusa da Arusha, mai sama da mita 4,500. Kuma kada a haɗa tafiyar da azumi: ana buƙatar shan ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, da cin abinci ko da rai ba ya so. Batun abincin halal da tsayawa sallah kuwa, a faɗa wa kamfani tun da wuri. Musulmi na da yawa a Tanzaniya, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Yanzu ga mutanen da tafiyar ke kan wuyansu. Wanda ya san labarin fatake ya san ayari ba ya tafiya sai da madugu da ja-gaba da masu ɗaukar kaya, to haka tawagar Kilimanjaro take. Akwai babban ja-gaba, da mataimakansa, da kuku, da 'yan dako uku ko huɗu ga kowane baƙo. Da safe baƙo zai sha shayi ya kama hanya da 'yar jakarsa. Bayan ya tafi 'yan dako za su kwance tantuna, su ɗaure tukwane da tulun gas da buhun dankali da kujeru, su ɗora a ka ko a wuya, su wuce shi a hanya kusan da gudu, ta yadda kafin ya iso zango an kafa masa tanti, ruwan zafi na jiransa. A Barafu babu ruwa ko ɗigo. Duk abin da aka sha ko aka dafa da shi a can, daga kwarin Karanga aka ɗauko shi a ka, a tsayin da baƙo ke haki da jakar da ba ta kai kilo biyar ba.

Waɗannan mutane ba ƙarfe ba ne. Yawancinsu daga ƙauyukan gindin dutsen suke, ko daga nesa suka zo neman aiki, kuma ciwon tudu da sanyi na kama su kamar kowa. A watan Satumba na 2002 'yan dako uku suka mutu da sanyi a kan Kilimanjaro lokacin da iska da ruwa suka rutsa da su ba su da suturar kirki. A shekara ta gaba, 2003, aka kafa shirin tallafa wa 'yan dakon Kilimanjaro da aka fi sani da KPAP, wanda ke ba su aron tufafin sanyi kyauta, yana kuma sa ido kan kamfanonin da suka yarda a binciki yadda suke tafiyar da ma'aikatansu. A Nepal ma irin wannan rashi ne ya haifar da wata ƙungiyar kare 'yan dako ta duniya a 1997, bayan wani matashi ya kamu da ciwo a tudu, aka sallame shi ya sauka shi kaɗai, ya mutu a hanya.

Ka'idojin da ake auna kamfani da su ba su da wuyar ganewa. Kayan da za a ɗora wa ɗan dako kada su wuce kilo 20, ban da nasa na kansa, kuma akwai sikeli a ƙofofin shiga. Ya ci abinci sau uku a rana. Ya kwana a tanti mai shimfiɗa, ba a cushe da mutum goma a tantin girki ba. Ya sami takalmi, da rigar ruwa, da jakar barci. A biya shi cikakken ladan da hukuma ta ƙayyade cikin kwana biyu da saukowa. Idan ya yi rashin lafiya a kula da shi yadda za a kula da baƙo, a haɗa shi da mai raka shi ƙasa, kuma kada a zabge masa kuɗi.

Me ya sa ake saɓa wa abu mai sauƙi haka? Lissafin kuɗi ne ke ba da amsa. A 'yan shekarun baya, baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba yana biyan hukumar gandun daji dala 70 a kowace rana, da dala 50 a kowane daren tanti, da dala 20 na ceto, sannan harajin kashi 18 cikin ɗari a kai. Tafiyar kwana bakwai ta kusa cin dala dubu ke nan tun ba a sayi ko ƙwayar shinkafa ba. Wannan kuɗi ba ya raguwa, man mota ba ya raguwa, ribar kamfani ma ba a taɓa ta. To idan wani ya yi tayin kai mutum ƙololuwa a kan dala 1,200 ko 1,300, daga ina ragin ya fito? Daga cikin ɗan dako da wuyansa: a ɗauki mutum shida inda ake buƙatar tara, a raba kayan daidai a gaban sikeli sannan a ƙara musu bayan an wuce ƙofa, a ba su abinci sau ɗaya ko biyu, a rage lada a ce tukuicin baƙo zai cike. A wasu wuraren har sai ɗan dako ya ba da cin hanci kafin a sa sunansa cikin tawaga. Ciniki halal ne a kasuwa, amma wanda ya matsa wa kamfani har farashi ya faɗi ƙasa da abin da hankali zai ɗauka, ya sani ba mai kamfanin ne ya yi asarar ba. Kuma tawagar da ke jin yunwa da sanyi ita ce za a nema ta sauko da mutum a kan gado mai taya ɗaya idan huhunsa ya cika da ruwa.

Saboda haka kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, a yi tambaya a rubuce, a kuma nemi amsa a rubuce. 'Yan dako nawa za su biyo wannan tawaga? Nawa ake biyan kowannensu a rana? Ina suke kwana, me suke ci? Kamfanin yana cikin jerin abokan KPAP, wanda kowa na iya dubawa a intanet? Ja-gabanni nawa ne ga baƙi nawa a daren ƙololuwa, ta yadda idan ɗaya ya kasa za a sami mai saukowa da shi ba tare da an bar sauran ba? Suna da horon agajin gaggawa? Suna tafe da tulun oksijin da na'urar auna oksijin a yatsa? Kamfanin kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame, an riga an sami amsa.

Shi ma baƙo yana da nasa rabon. Jakar da zai miƙa wa ɗan dako kada ta wuce kilo 15, yadda galibin kamfanoni ke shardantawa. Sutura a yi ta hawa-hawa, wadda za a iya ƙarawa da ragewa, domin zafi na raguwa da kusan digiri shida a kowace mita dubu. Ana fara tafiya da gumi a kurmi, a ƙare ta a sanyin da kan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili. Tufafin auduga ba su dace ba, suna riƙe gumi su sanyaya jiki. Takalmi a saba da shi tun a gida. A riƙe hular sanyi, da safar hannu mai kauri, da fitilar goshi da batir na ƙari, da tabarau mai tare hasken rana. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, kuma ba a shiga gandun da gorar ruwa ta roba ta yarwa. Wuta kuwa a yi kaffa-kaffa da ita: gobarar Oktoban 2020 ta yi kwanaki tana cin ciyayin dutsen.

A kan hanya, babbar dokar ita ce faɗin gaskiya. Kowane dare ja-gaba zai auna oksijin, ya tambayi ciwon kai da ci da barci. Mutane na ɓoye abin da ke damunsu don kunya, ko don tunanin kuɗin da suka kashe, kuma ɓoyewar nan ce ke kashewa. Mai ciwon kai da tashin zuciya ba ya ƙara hawa sai sun lafa. Idan mutum yana haki alhali yana zaune, ko tari ya kama shi har da majina mai kumfa ko ja-ja, ruwa ne ke taruwa a huhu. Idan ya fara tangaɗi, ya kasa tafiya kan miƙaƙƙen layi dunduniya na taɓa yatsa, ko magana ta rikice, ko barci mai nauyi ya danne shi, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Waɗannan biyu ba sa jiran gari ya waye. Saukowa nan take, ko da mita 500 zuwa 1,000 ne, ita ce magani. Oksijin da ƙwayoyi suna sayen lokaci ne kawai. Tun a Moshi ya kamata tawaga ta yi alkawari cewa idan ja-gaba ya ce a juya, an juya, ba gardama. Wannan ido kuma a sa shi a kan 'yan dako: wanda aka gani yana rawar ɗari cikin silifas, ko ya zauna a gefen hanya yana tari, a tsaya a kira ja-gaba. Ɗan dako kan ɓoye ciwonsa fiye da baƙo, domin yana tsoron kada a hana shi aiki nan gaba.

Daren ƙololuwa ana tashi daga Barafu wajen tsakar dare, a yi awa shida ko bakwai ana hawa cikin duhu a kan tsakuwa mai zamewa, a isa bakin ramin dutsen a Stella Point, mita 5,756, wajen fitowar rana. Daga nan kusan awa guda zuwa Uhuru. Ba a daɗewa a sama. A ɗauki hoto a juyo, domin a ranar ce kuma za a gangara har zangon Mweka, wajen mita 3,100, da gwiwoyin da suka riga suka gaji.

Sai tukuici, wanda a Kilimanjaro ya zama ɓangare na abin da ma'aikata ke dogaro da shi, don haka a sa shi cikin kasafi tun farko. Abin da aka saba ba da shawara shi ne dala 6 zuwa 10 a rana ga kowane ɗan dako daga tawagar baƙi gaba ɗaya, kuku da ja-gabanni kuma fiye da haka. Yadda aka bayar ya fi yawan muhimmanci. Dunƙule kuɗi a hannun mutum ɗaya a ce ya raba shi ne hanyar da haƙƙin na ƙasa ke salwanta. Tun daren farko a nemi jerin sunayen tawaga, a ƙirga mutanen da ido a zango don a tabbata sunayen na gaske ne. A zangon ƙarshe, a gaban kowa, a faɗi adadin da kowane mutum zai samu, da Turanci da Suwahili, sannan a miƙa wa kowa ambulan ɗinsa a hannunsa da sunansa a rubuce. Wanda aka saukar tun rana ta uku saboda rashin lafiya, a ware masa nasa a tabbata ya isa gare shi. Rigar sanyi ko takalmin da ba za a sake amfani da su a Kano ko Maraɗi ba, a bayar da su a fili a wannan zama, ko a kai su ofishin KPAP da ke Moshi inda ake ba 'yan dako aro. Idan kuma an ga abin da bai dace ba a hanya, kaya fiye da ƙima ko mutane na kwana a waje, a rubuta ranar da zangon, a kai rahoto can kafin a hau jirgi.